Fayil ɗin da Edith Ta Bari a Sace

Rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ita ce Edith ta fara zargi, domin ita ce a gidan ba ta da bakin kare kanta.

Sana'ar Edith ɗaukar bidiyo ce. Biki, jana'iza, godiyar kaka a coci, duk inda aka taru aka ci shinkafa daga Kakuri zuwa Kakau, za ka gan ta a gefe da kyamara a kafaɗa. In ta koma gida Gonin Gora sai ta zauna gaban kwamfuta ta yanke ta haɗa, ta cire tarin fasto da hammar amarya, ta ajiye aikin a wata folda. Akwai manhajar da ke kwashe duk abin da ya shiga foldar nan ta ɗora shi a ma'ajiyar intanet, ta kuma sauke shi a kowace kwamfuta da aka haɗa da ita. Abin da ke nan, shi ke can. Da, kafin ta gama wanke kwanuka aikin ya hau. Yanzu kuwa sai ta bar ɗan shuɗin layin da ke nuna tafiyar fayil, ta je kasuwa ta yi ciniki har da faɗa, ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

Kuma abin ya zo a mummunan lokaci. Zumuntar matan cocinsu ce za ta karɓi baƙuncin babban taron gunduma, ana neman mai ɗaukar bidiyo. Kowa ya san wanda ya ɗauki taron zumunta shi zai ɗauki bikin 'ya'yan matan nan, da na jikokinsu, da jana'izar mazajensu in lokaci ya yi. Matan kuwa ba sa karanta takardar kowa. Ranar Lahadi bayan sujada sukan zauna a benci, a haska musu samfurin aikin mutum a majigi, wanda ya fi samun guɗa shi ya ci. Mutum biyu ne suka nema: Edith, da Tony, ƙanen mijinta.

Sun daɗe suna aiki tare, ita da Tony. Rabon aikin mai adalci ne ƙwarai: ita ke ɗauka, ita ke yankewa, ita ke haɗawa, shi kuma yana sa riga mai sunan kamfani yana gaisawa da manyan baƙi. Bara ta tsinci katin kamfanin da ya bugo, ta duba gaba ta duba baya ba ta ga sunanta ba. Suka rabu. Ya buɗe shago a Kakuri, ya sa hoton zaki a allon, ya tafi da tsohuwar kwamfutar ofis a matsayin gadonsa. Har yau in sun haɗu sai ya ce mata “matarmu” da fara'a, kamar yadda ƙanen miji ke yi, ita kuma ta amsa da haƙora a waje.

Ta kashe rautar ta kunna. Ta sauko da ita daga kan firij, inda mijinta Jethro ya lulluɓe ta da ƙyallen saƙa don kada ta yi datti, ta maido ta falo. Ta kira kamfanin intanet, wata yarinya mai daɗin murya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ba ta shawarar ta kashe rautar ta kunna. Daga nan ta shiga cikin rautar ta duba wayoyin da ke shan waifai ɗin gidan, sai ta tarar da rabin maƙwabtan layinsu a ciki. Jethro malamin firamare ne, mutum mai tsoron Allah, wanda yake ganin hana maƙwabci kalmar sirri daidai yake da hana shi ruwan sha. Ta canja kalmar. Kafin magariba Bridget, maƙwabciyarsu mai sayar da kayan miya, ta daina amsa gaisuwa, kwanon agushin da takan aiko duk Asabar ma ya ɓata hanya.

Wayar Edith ta yi sauri. Shuɗin layin bai motsa ba.

Sai a lokacin ta yi abin da mutum kan yi a ƙarshe, bayan ya ɓata da maƙwabta: ta buɗe manhajar ta karanta abin da take yi. Ashe ba ɗorawa take ba, saukewa take. Wasannin ƙwallo cikakku, finafinan karate, hotunan wata mota da ake son sayarwa, an ɗauke ta ta kowace kusurwa har ƙarƙashinta. Duk wannan kaya yana kwararowa ta ɗan siririn layin gidanta, nata aikin yana tsaye a baya yana jiran a ba shi hanya. Ta duba daga inda kayan ke fitowa. Kwamfutar tana da suna, kuma mai ita ne ya raɗa mata: Oga Tony.

Tsohuwar kwamfutar ofis ce. Ba wanda ya tuna ya raba ta da foldar.

Da abin ya tsaya a ƙwallo, da dariya za ta yi. Amma cikin kayan akwai wani fayil mai suna “Samfurin zumunta nawa”. Ta buɗe. Samfurinta ne, wanda ta gama makon jiya bayan ta bi matan nan wurare da yawa a kan acaɓa. An guntule farkonsa inda sunanta yake, an guntule ƙarshensa inda lambarta take, an manna zaki a kowane gefe yana hamma. Sauran ko ƙyaftawar ido ba a taɓa ba.

A gaban sunan Oga Tony akwai ɗan maɓallin da ke raba kwamfuta da foldar. Dannawa ɗaya, layi ya warke, sata ta ƙare. Ta kai yatsa kansa, ta tsaya, ta janye. Raba shi yanzu ba zai maido samfurin da ya riga ya kwafa ba. In ta kai ƙara wurin Jethro, ta san amsar tun kafin ya buɗe baki: ɗan'uwa ne, a yi haƙuri. In ta kai wurin fasto, za a zaunar da su a karanta musu aya, a sa su riƙe hannun juna, Tony ya fita da samfurin a aljihu. Ta tashi ta ɗora ruwan tuwo, tana tuƙi tana tunani, har tuwon ya fi na kullum laushi.

Akwai wani abu da Edith ta daɗe tana ajiye da shi. Shekarar waccan mijin Mama Vicky, shugabar zumunta, ya rasu. A irin wannan jana'iza matan zumunta ke girki, kuma akan ware kula guda ta nama, zaɓaɓɓe, ta surukan da suka zo daga ƙauye, domin ba a sallamar suruki da gaya. A ranar kular ta ɓace. Surukai suka koma Kagoro da farar shinkafa, kuma har yau in an ambaci Gonin Gora a can sai wani ya yi gyaran murya. Wata 'yar zumunta, Patience, aka sa tsaron kulolin, don haka a kanta abin ya faɗi. Ba wanda ya kira ta ɓarauniya, matan coci ne. An dai cire ta daga girki, aka bar ta ta gane da kanta cewa bencin baya ya fi iska.

A ranar nan Edith ta bar kyamara a kan ƙafafunta tana aiki, ta je ta sha ruwa. Da ta zo yankewa sai ga Tony a ciki, cikin rigar kamfani, ya duba hagu ya duba dama, ya ɗaga murfin kular ya ɗanɗana, ya gamsu, ya rungume ta zuwa but ɗin motarsa. Ta cire wurin kamar yadda take cire tarin fasto. Lokacin abokin aikinta ne, ƙanen mijinta kuma. Sai dai Edith tana yankewa, ba ta sharewa.

Washegari ta zauna haɗa sabon samfuri, kuma ba ta taɓa aiki da zuciya ɗaya haka ba. Farkonsa mata ne cikin anko suna shigowa coci a jere, kiɗan tulu da caki yana tashi a hankali, rana na faɗowa ta taga a kan ɗankwalayensu. Ƙarshensa Mama Vicky ce tana addu'a, hawaye ɗaya tak yana gangarowa, kamar an yi shiri da shi. A tsakiya ta sa kula. Ba kiɗa, ba rubutu, ba ado. Ta san mutumin nata: zai kalli farko don ya cire sunanta, ya tsallaka ƙarshe don ya cire lambarta. Duk zamansu tare ba ta taɓa ganin ya kalli tsakiyar wani abu ba, in ba kwano ba.

Ta sa wa fayil ɗin suna “Samfurin zumunta na ƙarshe, ya fi na farko nesa”. Wajen cin abinci ta faɗa wa Jethro, cikin sigar sirri, cewa ta yi sabon da babu mai iya ja da shi, kada ya gaya wa kowa. A gidansu wannan ce hanya mafi sauri ta aika saƙo Kakuri, ta fi intanet.

Saura fayil ya isa. Babba ne, Lahadi ta matso, layi kuma cike yake da ƙwallon Tony. Yanzu ne Edith ta yi gyaran da ya kamata ta yi tun farko, domin ƙiyayya ta fi umarnin kamfani sa mutum natsuwa. Ta shiga manhajar ta ce kada a ƙara sauke mata foldodin Tony, amma ba ta raba shi ba. Ƙofar fita ta bar masa a buɗe. Ta sayo kebul ta haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye, ta bar waifai. Ta gano wani wurin da aka ƙayyade saurin ɗorawa, tun zamanin da Tony ke tsoron data ta ƙare masa yana tsakiyar kallo, ta cire ƙaidin. Ta karɓe wayar 'yarta Tracy ta sa a cikin tukunya ta rufe. Shuɗin layin ya yi miƙa kamar wanda ya tashi daga barci, ya kama tafiya, ya kai ƙarshe.

Amma a gaban sunan Oga Tony sai ta ga an rubuta ba ya kan layi. Ta tambaya, aka ce taransifomar unguwarsu ta ƙone, Kakuri ta wannan ɓangaren tana cikin duhu, Tony kuma ba mai sayen fetur ba ne in dai akwai hasken rana.

Da safiyar Asabar ta ɗauko galan ɗin fetur na janaretansu ta ajiye gaban Jethro.

“Baban Tracy, kai wa ƙanenka wannan. Ya tayar da injinsa ya gama shirinsa. Ba na so gobe a ce na ci ne don ba shi da wuta.”

Jethro ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun ranar da ya aure ta ya san zuciyarta fara ce, kuma yau zai kira tsohuwarsu a ƙauye ya shaida mata an shirya. Edith ta ce ya yi sauri kada rana ta yi.

Bayan azahar Oga Tony ya hau layi. Ta zauna tana tsince shinkafa tana kallo. Fayil ya sauka can, alamar kore ta fito. Ba a jima ba sabon fayil ya bayyana a foldarsa. Wannan kaɗai ta bari ya sauko. Zaki a gaba, zaki a baya, kula a tsakiya lafiya lau.

Ranar Lahadi bayan sujada maza suka watse, mata suka gyara zama. Mama Vicky tana gaba da mafici, mace mai jiki da ƙaramar murya, wadda ba ta taɓa maimaita magana ba don ba ta taɓa bukata ba. Tony ya zo da kwat. Ya roƙi a fara da shi saboda yana da wani taro da manyan mutane a Barnawa. Edith ta ce ai babu komai, babba ne a sana'a. Ya tsaya gaban majigi ya yi jawabi. Ya ce ya girma a hannun iyaye mata irinsu. Ya ce abin da za su gani, daga farko har ƙarshe, da hannunsa ya ɗauka, babu wanda ya taɓa masa kyamara, domin shi ba ya yarda da aikin wani.

Aka kunna. Zaki ya yi hamma. Mata suka shigo cikin anko, tulu ya ɗauka, guɗa ta tashi a cocin har sau biyu. Wata ta ga kanta ta dafa ƙirji. Tony ya harɗe hannu yana gyaɗa kai, ya waiwayo ya kashe wa Edith ido.

Kiɗa ya yanke. Rumfa ta fito, da kujerun haya, da hoton marigayi a jikin ƙyalle. Kowa ya gane ranar. Ga kuloli a jere, ga Patience ta juya baya tana miƙa wa wani tsoho ruwa. Ga Tony ya shigo, da sunan kamfani a bayansa manya-manya. Ya duba hagu, ya duba dama. Cocin ya yi tsit, har ana jin ƙarar murfin kular da ya ɗaga.

Tony na gaske ya yi tsalle zuwa kwamfuta yana cewa ƙwayar cuta ce ta shiga na'urar, abin zamani ne, yanzu zai gyara.

“Bar shi,” in ji Mama Vicky. “Maido baya kaɗan. Wurin ɗanɗanon.”

Wata ta maido. Aka sake kallo, wannan karon da sharhi. Wata ta ce ai cinyar nan ita ta soya ta. Wata ta ce dubi yadda ya rungume ta kamar jaririya. Aka bi shi har but ɗin mota, aka ga ya rufe, ya share hannu a wando. Daga nan Mama Vicky ta majigi ta fito tana addu'a da hawayenta ɗaya, zaki ya rufe taro.

Mama Vicky ta benci ta ajiye mafici.

“Ɗana Tony, ka ce duk da hannunka ka ɗauka.”

Ya ce e, wato, galibi.

“To hannuwanka biyu ga su a kan kula. Wa ya riƙe kyamarar?”

Tony ya duba hagu, ya duba dama, daidai yadda aka gani yanzu, wasu mata suka kasa riƙe dariya. Hanya biyu ce a gabansa, kowacce da ɓarawo a ƙarshenta. Ya juyo wurin Edith, murya ƙasa-ƙasa.

“Matarmu.”

“Ina jinka, Oga Tony. Fetur ɗin ya isa?”

Bai jira taron Barnawa ya kira shi ba, ya fice. Mama Vicky ta aika masa da magana a baya cewa surukanta na Kagoro suna nan da rai, ya nemi akuya ya kai musu da ƙafarsa, a cikin wannan but ɗin.

Patience ta tashi daga bencin baya. Ta ɗauki jakarta da littafin waƙa, ta tako a hankali ta tsakiyar coci, ta zauna a layin gaba. Aka matsa mata.

Edith tana shirin kunna nata samfurin, Mama Vicky ta ce ba sai ta wahala ba, ai sun riga sun gani. Aikin nata ne. Guɗar da aka yi ɗazu a maida ta kan mai ita. Edith ta durƙusa ta yi godiya, ta ji wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya, irin wanda ta daɗe tana jira. Tana miƙewa tsohuwar ta riƙo hannunta.

“'Yata, tun yaushe kike da hoton nan?”

“Tun ranar, Mama.”

“Kuma duk Lahadi kina shigowa ta ƙofar baya, kina wuce Patience.”

Mama Vicky ta saki hannun, ta ɗauki maficinta, ta ce a tashi a yi addu'ar rufewa.

A gida ta danna maɓallin nan. Oga Tony ya ɓace daga jerin. Ta jefa wani babban fayil don gwaji, shuɗin layin ya zura a guje. Ta rubuta sabuwar kalmar sirri ta kai wa Bridget da kanta, Asabar ta gaba agushi ya gane hanya. Jethro ya yi kwanaki ba ya magana sai gaisuwa. Da ya buɗe baki, abin da ya tambaya shi ne ko tun lokacin da ta ba shi galan ɗin ta sani. Ta ce wa zai ba Tony fetur haka kawai. Ya ce shi. Ta ce shi ya sa aka aike shi.

Babban taro ya zo, mata daga coci-coci suka cika fili da anko. Edith ta ɗauka, da sunanta a bayan riga, manya-manya. Waƙa ta yi kyau, wa'azi ya yi tsawo yadda ake so. Sai dai labari ya riga ta zuwa. Lokacin cin abinci, duk rumfar da ta nufa da kyamara sai cokula su sauka, masu ƙulla ragowa a leda su tura ƙarƙashin kujera, kowa ya gyara ɗankwali ya zauna kamar a hoton fasfo. Wata tsohuwa daga Kakau ta tambaye ta ko abin a kashe yake. Ta ce a kashe yake. Tsohuwar ta ce duk da haka ta juya shi ya kalli bango.

Ta juya shi, ta shiga layin abinci. Patience ce a kan kuloli, an maida ta, da sabon atamfa da babban cokali. Ta zuba wa ta gaban Edith shinkafa da tsoka biyu. Da aka zo kan Edith ta cika mata faranti da shinkafa har tana zuba, ta sa miya, ta ɗaga murfin kular nama, ta duba ciki a natse, ta mayar ta rufe.

“Ta gaba,” in ji Patience.

Edith ta nemi inuwa ta zauna ta cinye shinkafarta tas. Da ta koma gida ta zuba bidiyon taron gaba ɗaya a folda, ta shiga wanke kwanuka. Kafin ta gama ya hau.